"Ban jin komi, Kawu"

Jiya da la'asar na biyo ta wani fili a Mabera, samari na buga ƙwallo, ƙura ta turnuƙe. Abin da ya tsayar da ni ɗan maƙwabcinmu ne, wanda kwana goma da suka wuce na ga an sauke shi daga kabu-kabu, idon sawunsa ya kumbura suntum, ko taka ƙasa ba ya iyawa. Sai ga shi tsakiyar fili, ya ɗaure ƙafar da tsumma, yana ɗingishi yana bin ƙwallo. Na yafito shi na ce, "Kai, ba kai aka kawo gida ranar nan ba?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, targaɗe na kawai. Na sha magani, ban jin komi."

Ƙannena, wannan "ban jin komi" ita ce ta hana ni barci. Zafi ɗan aike ne, jiki ya turo shi ya gaya maka akwai ɓarna a ciki. Kai kuma ka je kemis ka sayi ƙwaya ka toshe bakin ɗan aiken, ka ɗauka ka warke. Targaɗe yagewar jijiyar da ke riƙe gaɓa ce. Ƙarami yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, matsakaici ya kai mako shida, babba kuwa watanni. Ƙwaya ba ta ɗinke jijiya. Kuma ƙafar da ta taɓa gurɗewa aka maida ta fili da wuri, ita ce ta fi saurin sake gurɗewa, har ta zama ko a kan tsakuwa ka taka sai ta juya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ban ma fara maganar masu haɗiyar tiramol kafin a hura usur ba. Wai don su yi ƙarfi. Ƙarfin me? Da ƙafa ake farawa, a ƙare da ƙwaƙwalwa, uwa na gida tana kuka.

Kuna kwana a gidan kallo kuna musu kan 'yan wasan Turai kamar ubanku ɗaya da su, har Magariba ta wuce ba wanda ya motsa, wasu kuma kuɗin cefane sun tafi a cacar ƙwallo. To tunda kun san su haka, ku tuna Ronaldo na Burazil. A watan Afrilun 2000 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya fi shekara yana jinya da atisaye a hannun masu gashin ƙashi. Da ya dawo, ƙwallo 8 ya ci a Kofin Duniya na 2002. Van Basten na Holan kuwa ciwon idon sawu ne ya raba shi da fili yana ɗan shekara 28, duk da manyan likitocin da ke kewaye da shi. Wanda ake biya miliyoyi ya haƙura ya zauna, kai da za a raba muku lemon kwalba in kun ci, ka kasa haƙurin mako uku? Jijiyar tsakiyar gwiwa in ta tsinke aka yi aiki, wajen wata tara ake ɗauka kafin a koma wasa. Ku kwana tara ma ya yi muku yawa.

Sannan ga ganin ido. Abokai su ce, "In ba ka zo ba an cinye mu," sai kai ya kumbura. Ranar da ƙafar ta ƙi, a cikinsu wa zai biya kuɗin hoto? Za su zo gaisuwa sau ɗaya, su sa wani a lambarka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ake so ba wani mai wuya ba ne. Ka daina wasan nan take, ka naɗe ƙanƙara a ƙyalle ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar sama. Mu kuwa ruwan zafi da man zafi muke fara nema, a samu ƙato ya danne yaro yana murza yana ja, kumburi ya ƙaru. Ban raina maɗora ba, sun yi wa mutane rana tun kafin a gina asibiti, amma wanda bai iya taku huɗu a kan ƙafarsa ba, a fara ɗaukar hoto a ga ko ƙashi ya tsage. Ga sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙashi a Wamakko. Aikinsu su maido wa gaɓa ƙarfi da motsi sannu a hankali, har da tsayuwa kan ƙafa ɗaya don ta sake koyon daidaita kanta. Sai ku ce wai wannan wasan yara ne, ku je sau biyu ku daina, ku koma fili.

Ko ɗumama jiki ba ku yi. Mutum ya diro daga babur, ya cire riga, ya faɗa fili da silifa, a ranar Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ko ruwa bai sha ba. Hukumar FIFA kanta ta tsara atisayen ɗumama jiki na minti 20 don rage rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da muna yara, in kaka ta yi aka buɗe fagen kokawa ko dambe, saurayin da ya ji ciwo ba shi ke yanke wa kansa hukunci ba. Dattijo ɗaya ya ce, "Wane, bana ka huta," magana ta ƙare, ko kiɗa ya taso masa tsimi sai dai ya zauna ya kalla. Kowane babba uban kowa ne. Yau ka tsawata wa yaro don lafiyarsa, ya dube ka sama da ƙasa, wataƙila ma uban ya biyo ka har gida.

Ɗan maƙwabcin nawa ya saurare ni har na gama, ya ce, "To Kawu, na ji." Ban kai bakin titi ba na waiwaya, na hango shi ya duƙa yana ƙara ɗaure tsumman, ana kiran shi ya zo ya buga fenariti.