Gasar guje-guje ba sakan goma ba ce

Akwai maganar da nake yawan ji a majalisarmu ta bayan la'asar duk sanda zancen wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ya taso: wai wane mai hankali ne zai biya kuɗin mota da na masauki don ya kalli abin da ke ƙarewa cikin sakan goma? Kawuna ma da ya ji na tafi Asaba kallon gasar Afirka ta 2018, cewa ya yi, "Kai ɗana, mi yak kai ka? In gudu kaka son gani, ka tai Kara ran da sa ya tsinke igiya."

Ban ce ba su da hujja ba. Tseren mita 100, wanda kowa ya sani saboda Usain Bolt da sakan 9.58 ɗinsa na Berlin a 2009, shi ne ya fi komai rashin daɗin kallo in kana cikin fili. In ba daidai layin ƙarshe ka samu kujera ba, kafin ka gama miƙewa an gama, sai ka koma kallon babban allo don ka san wa ya ci. A nan kam na gidan kallo ya fi ka morewa, ana maimaita masa a hankali, ga fanka a kansa. Inda suka kuskure shi ne zaton da suke yi cewa gasar ke nan.

A babbar gasa ba abu ɗaya ake yi a lokaci guda ba. Masu dogon zango na zagaye fili, can gefe ana dogon tsalle, a tsakiya mashi na tashi sama, a wata kusurwa ƙarti na jifan dalma. Mai kyamara shi ke zaɓa wa na gida abin da zai gani, kuma kullum na gaba yake bi. Kai da ke zaune a wurin, idonka naka ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a filin Stephen Keshi na Asaba ba tsere ba ne ma. Dunƙulen ƙarfen da maza ke jefawa a jifan dalma kilo 7.26 ne. A talabijin sai ka ga kamar lemo aka wurga. A fili kana jin gurnanin mutum lokacin da ya sake shi, kana jin tim ɗin da yake yi a ƙasa, ka ga ramin da ya bari, ka ga yaron da aka sa ya ɗauko shi yana tallabe da hannu biyu. Chukwuebuka Enekwechi ya jefa shi mita 21.08 ya ci wa Nijeriya zinare. Ka auna mita 21 a ƙofar gidanku, sannan ka ɗaga abu mai kilo bakwai da hannu ɗaya, sai mu yi magana.

Sai kuma shirun nan. Ba a watsa shiru a talabijin, domin mai sharhi ba ya rufe baki. Amma da an ce 'yan tsere su durƙusa, dubban mutane sai su yi tsit, har mai sayar da ruwan leda ya tsaya cak. Da dalili: tun 2010 doka ta ce wanda ya riga bindiga tashi sau ɗaya tak an kore shi, kuma na'urar da ke jikin abin tokare ƙafa tana ɗaukar duk wanda ya motsa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan harbi a matsayin wanda ya yi riga malam masallaci. Bolt kansa haka aka fitar da shi a wasan ƙarshe na gasar duniya a Daegu a 2011. Tarin mutum ɗaya a cikin 'yan kallo na iya ɓata wa wani wahalar shekaru. To ka ga ɗan kallo ba baƙo ba ne a wurin, yana da aikinsa.

A dogon tsalle kuwa aikin nasa a fili yake. Ese Brume, 'yar jihar Delta ce, a gida take. Za ta tsaya a farkon layin gudu ta ɗaga hannu sama ta fara tafi a hankali, fili ya amsa mata, tafin na ƙara sauri tana ƙara wuta, har ta taka katako ta tashi. Kafin yashi ya kwanta kowa ya juya ga alƙali: farar tuta ko ja? Ta ci zinare a wannan gasa. Mu Sakkwatawa ai ba sai an koya mana wannan ba. Wanda ya taɓa tsayawa a filin kokowa ya san ba kayen ne kaɗai abin kallo ba. Akwai kiɗa, akwai kirari, akwai zagayen da ɗan kokowa ke yi yana watsa ƙasa, akwai dogon jira kafin a kama. Kayen kansa ƙiftawar ido ne, amma ban taɓa jin wanda ya ce an cuce shi kuɗin ƙofa ba.

Tseren mita 5,000 zagaye goma sha biyu da rabi ne, kuma shi ne talabijin ta fi zalunta. Hellen Obiri ta Kenya ce ta ci na mata, wannan kowa zai iya karantawa. Abin da ba a nunawa shi ne na baya, wadda aka yi wa zagaye guda, an kaɗa wa na gaba ƙararrawar zagayen ƙarshe ita da sauran aiki, ba lamba ba kyamara, amma ta ƙi tsayawa. Mutanen fili sukan miƙe mata.

Ba wai komai ya tafi daidai a Asaba ba. Jaridu sun yi ta labarin 'yan wasan ƙasashe da suka maƙale a Legas suna jiran jirgi, har aka taɓa jadawali. Kenya ce ta zo ta ɗaya a yawan zinare, mu masu gida muka zo na uku bayan Afirka ta Kudu. Amma a nan ne na ga Tobi Amusan ta tsallake shingaye goma ta ci mita 100, lokacin sunanta bai shiga bakin kowa ba. A gasar duniya ta 2022 a Oregon ta Amurka ta kafa tarihin duniya da sakan 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe. A na ƙarshen ta yi 12.06, aka ba ta zinare aka hana ta tarihin, saboda iskar da ke bayanta ta wuce mita 2 a sakan da doka ta yarda. Washegari kowa a Facebook ya zama masoyinta na tun fil'azal.

Abin da ke ci mini rai shi ne gida. Ranar da Sokoto United ke wasa ko aka sa dambe, jama'a na fitowa. Amma a sa gasar gudu ta makarantun sakandare a filin Giginya, daga malaman wasanni sai masu fiyawata. Sannan mu zauna muna tambayar me ya sa tun daga Chioma Ajunwa da zinarenta na Olamfik ɗin Atlanta a 1996 har zuwa su Amusan, sunayen kusan duk daga kudu suke fitowa. Yaron da ya yi gudu ba wanda ya tafa masa, ba uba ba ƙanin uba, wace shekara zai sake sa takalmi? Ƙafa kam akwai ta. Ku je ƙauyukan Gwadabawa ko Tangaza ku ga yaran da ke wuni bayan dabbobi.

Na san za a ce zafi. Gaskiya ne, ba mai hankalin da zai sa yara gudu da azahar a watan Afrilu a garin nan. Doha ma da ta karɓi gasar duniya a 2019 da tsakar dare ta sa gudun yada-ƙanin-wani, duk da haka mata 28 cikin 68 suka kasa kaiwa. Amma muna da hunturu, muna da bayan la'asar. Za a kuma ce sutura, musamman ta mata, kuma wannan ba maganar da zan yi wa dariya ba ce, ni ma uba ne. Sai dai doka ba ta tilasta wa kowa tsiraici ba. Ruqaya Al-Ghasara ta Bahrain da hijabi da dogon wando ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya ta 2006, da su kuma ta yi gudu a Olamfik na 2008. Ana iya ware wa 'yan mata ranarsu, iyaye mata su cika kujeru.

Gasar duniya ta 2027 a Beijing za a yi, kuma na san aljihunmu, ba zan ce kowa ya nemi biza ba. Amma duk wanda wata gasa ta ƙasa ko ta Afirka ta zo masa inda mota ke kaiwa, ya daure ya je. Kar ya yi rububin kujerar layin ƙarshe, ta manya ce kuma ta fi tsada. Ya nemi ɓangaren ramin yashi, layin ƙasa-ƙasa, ya tafi da hula mai baki da gorar ruwa. In da hali ya shiga zaman safe ma, lokacin zagayen share fage, fili ba cunkoso, har muryar koci kana ji yana yi wa ɗan wasansa faɗa.