Ranar da Janaretana Ya Dogara da Maganaɗisun Duniya

A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai wani tsohon janareta na DC da ya girmi duk ɗaliban da ke taɓa shi. Farantin bayaninsa ya koɗe, abu uku kawai ake iya karantawa: bolt 220, kilowat 30, zagaye 1000 a minti. Ranar na sa aka zaro amacarsa, wato ɓangaren da ke juyawa mai ɗauke da naɗin waya, aka ɗora a tebur, na ce wa ɗalibai yau da awo da alli kaɗai za mu fitar da lodin maganaɗisun injin nan, babu ruwanmu da littafi. Littafin dai mantawa na yi da shi a gida, amma ban ga dalilin da zai sa su sani ba.

Lissafin gajere ne. Kowace ƙafar maganaɗisu, wadda masu gyara ke kira fol, tana tura nata fulos, Φ, wato kwararar maganaɗisun da ake aunawa da weba, ta ratar iska zuwa cikin amaca. Ka tara na dukkan ƙafafun, wato pΦ, inda p ke nufin yawan ƙafafu, ka raba da faɗin jikin amacar da ke kallon ratar, wato πDL. Abin da ya fito shi ne Bav, matsakaicin nauyin maganaɗisu a kan murabba'in mita ɗaya, ana auna shi da tesla. Injinan DC na yau da kullum suna zama tsakanin 0.4 da 0.8.

Muka auna. Kaurin amaca daga gefe zuwa gefe, D, santimita 30. Tsawon ƙarfenta, L, santimita 20. Ƙafa huɗu, gurbi 47, waya shida a kowane gurbi, jimla Z ta zama 282. Yankan kwamiteta, wato zoben jan ƙarfen da gawayi ke gogawa don ɗebo wuta daga amaca, 141. Na ɗauki ƙarfin da amaca ke haifarwa, E, a bolt 235, tunda kusan 15 na salwanta a waya da gawayi kafin 220 ta fito. Na rubuta Φ = 60aE/(pZN), inda N ke nufin zagaye a minti, na sa hanyoyin wuta, a, guda biyu, aka samu weba 0.025. Sau huɗu, 0.1. Har nan ina kan doki.

Sai na raba da π sau 30 sau 20, wato 1885. Kalkuleta ta ce 0.000053.

Na ja layi biyu a ƙarƙashinsa kamar yadda na saba. Wata ɗaliba a layin gaba, irin waɗanda ke zuwa aji da biro kala uku, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, maikurotesla 53 ke nan. Ba a zango na farko ka ce maganaɗisun duniya kanta yana tsakanin 25 da 65 ba?" Ni na faɗa kuwa. Bisa lissafina, wannan janareta bai buƙatar naɗin fol ko ɗaya. Ka juya shi ya kalli arewa, ka murza, ya ba ka kilowat 30. Na faɗi haka da bakina don in mayar da abin wasa, aji ya fashe da dariya, ni kuma gumi ya karyo min ta ƙeya.

Laifin a fili yake: tesla weba ce a kan murabba'in mita, ni kuwa santimita na zuba. Murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, amsata ta ragu da wannan adadi cif. Faɗin gaskiya π sau 0.3 sau 0.2 ne, wato 0.1885. Na goge allo da sauri, garin goge kunya na goge har da p. Na raba 0.025 da 0.1885, aka samu 0.13.

Yanzu amsar ta yi kama da ta mutane, wanda ya fi haɗari, don kuskuren da ya yi kama da gaskiya shi ke tsallake shinge. Amma 0.13 ta yi ƙasa da 0.4 sosai, babu mai zuba ƙarfe mai wannan nauyi don ya ɗora masa ɗan wannan kaya. Maimakon in duba layin sama, sai na tuhumi injin. Na ce lalle naɗin laf ne, inda hanyoyin wuta ke daidai da yawan ƙafafu. Na mayar da a huɗu, Φ ta koma 0.05, amsa ta zama 0.27. Wani daga baya ya ce, "Malam, ina p ta tafi?" Na ce da ma gwada ku nake. Na dawo da ita, amsa ta yi tsalle zuwa 1.06.

Cikin minti goma, injin ɗaya da bai motsa daga tebur ba ya tashi daga maganaɗisun duniya ya wuce iyakar da aka san injin DC da ita.

Duk wannan bidiri, tsohon ma'aikacinmu da ya shekara yana naɗin amaca yana gefe yana cin goro. Na ce, "Baba, laf ne ko wef?" Bai tashi ba. Ya ce, "Malam, bi ƙafar naɗi ɗaya da yatsa mana." Na bi. A naɗin laf, bakin waya biyu na naɗi ɗaya suna lanƙwasowa su sauka a yanka biyu da ke maƙwabtaka. Nan kuwa sun ware, ɗaya ya nufi gabas ɗaya yamma, tazarar yanka kusan 70, rabin kwamiteta ke nan. Wef ne, hanyoyinsa biyu ne komai yawan ƙafafu. Ita kanta 141 da muka ƙirga ta isa ta tsegunta min, don wef mai ƙafa huɗu yana son yawan yanka wanda bai rabuwa biyu. Na mayar da a biyu: 0.1 a raba da 0.1885, tesla 0.53. Tsakiyar gida.

Da na yi shiru a nan, da an tashi lafiya. Sai na ce bari in fanshe mutuncina, in nuna musu yadda za a zana sabuwar amaca mai gurbi mafi faɗi da zurfi don ta ɗauki waya mai kauri. Ashe da sauran rina a kaba, domin 0.53 matsakaici ne kawai. Bakin ƙafa yana rufe kusan kashi 70 cikin 100 na rabonsa na kewaye, don haka a ƙarƙashinsa nauyin 0.53 a raba da 0.7 ne, wato 0.76. Wannan fulos kuma bai son bi ta gurbi, inda jan ƙarfe da iska suke. Cikin haƙoran ƙarfen da ke tsakanin gurabe yake cunkusuwa.

Tazarar gurbi a saman amaca milimita 20 ce, to haƙori ɗaya yana ɗaukar 0.76 sau 0.02 sau 0.2, kusan weba 0.003. Tsawon ƙarfen ma ba 200 ba ne: cire hanyoyin iska biyu masu milimita 10, ka ninka da 0.9 saboda banish ɗin da ke tsakanin fallaye, saura 162. Guraben injin milimita 8 ne a faɗi, 25 a zurfi, gindin haƙori ya rage 8.7, nauyinsa kusan tesla 2.16, daf da 2.2 da masu zane ba sa son wucewa. Nawa zanen, faɗi 9 zurfi 30, ya matse gindin zuwa milimita 7. Amsa, kusan 2.7.

Ƙarfe kuwa yana ƙoshi a wajen tesla 2. Daga nan duk abin da ka ƙara, sai ka biya shi da wuta mai yawa a naɗin fol, naɗin ya yi zafi. Haƙoran su ma su yi zafi, don fulos na juya fuska a cikinsu zagaye 33 a daƙiƙa, pN a raba da 120, asarar ƙarfe kuma tana hawa fiye da yadda nauyin ke hawa. Baba ya leƙo allon, ya ce, "Wannan ai murhu ka zana, Malam. A kawo masara." Ɗalibar nan ta canza biro, ta rubuta da ja.

Washegari na tarar an mayar da amacar cikin gidanta. A jikin janaretan wani ya zana kibiya da alli, ya rubuta "Arewa" a kanta. Na ɗauko kamfas ɗin waya na duba don in samu abin kama shi da shi. Kibiyar daidai take.