Hawan jini ba ya jiran ranar da Honarabul zai dawo

Hotunan sun sake cika wayoyinmu. Rumfa a filin makarantar firamare, kujerun roba, ƙaton hoton mai gida yana murmushi, sai dogon layin tsofaffi a rana, wasu da sanda, wasu jikoki sun riƙo su. A ƙasa an rubuta cewa an duba lafiyar mutum dubu kaza kyauta. Duk mai bibiyar labarai ya san da zarar iskar zaɓe ta fara kaɗawa, wannan harka takan yi kasuwa, daga ɗan majalisa zuwa mai neman kujerarsa, daga matar wane zuwa gidauniyar da aka yi wa rajista shekaranjiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami hoto ɗaya ne: wata dattijuwa ta ɗaga farar leda mai ɗauke da ƙwayoyi, fuskarta cike da godiya, mutane kuma sun yi ta zuba addu'a a ƙarƙashin hoton. Na san wannan ledar. Na taɓa ganin irinta a ƙarƙashin matashin kan gwaggona.

Shekarunta sun kusa saba'in a lokacin. Aka yi irin wannan taro a garinsu, ta je, aka ɗaura mata abin awo a hannu, aka ce jininta ya hau sosai, aka ba ta ƙwayoyin sati biyu a leda, babu sunan magani, babu kati, babu wanda ya ce mata ga inda za ta koma. Ta shanye su tas. Da na je gaishe ta na tambaye ta, sai ta ce, "Ai na warke, ɗan nan. Likitocin birni ne suka zo da kansu, kan ma ya daina sara min." Na ce, "Gwaggo, wannan ciwon ba a warke masa, lallaɓa shi ake yi." Ta ce in bar yi mata fatan ciwo. Wata huɗu bayan nan ta faɗi a wajen alwala da asuba. Yau ɓarin jikinta na dama ba ya aiki, maganarta sai wanda ya saba da ita ke ganewa, kuma 'yarta ta bar sana'arta ta dawo jinya. Ina da nawa laifin, domin na san gaskiya ban tsaya na kai ta asibiti da kaina ba. Amma waɗanda suka ba ta ledar sun bar ta da abin da ya fi rashin sani haɗari, wato yaƙinin cewa an gama da ciwon.

Cututtukan da suka fi damun tsofaffinmu sanannu ne: hawan jini, ciwon suga, amosanin gaɓɓai, yanar ido, hawan jinin ido, toshewar fitsari ga maza, da ciwon ƙoda da ke biyo bayan na farkon biyu. Kusan dukkansu abokan zama ne na sauran rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a ma yanke wa mutum hukuncin hawan jini sai an auna shi a ranaku biyu dabam-dabam an samu awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura. To tsohon da ya yi tattaki daga ƙauye, ya tsaya awa uku a rana, aka auna shi sau ɗaya cikin hayaniyar lasifika, me aka gano a jikinsa? Wani za a ba shi maganin da ba ya bukata. Wani kuma da gaske yana da ciwon, za a sauko masa da jinin na kwana goma sha huɗu, ranar da ƙwayar ta ƙare jinin ya koma inda yake, ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Haka ciwon yake, ba ya sallama. A rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace.

Lamarin suga ya fi wannan tsoratar da ni. Akwai tsohon maganin suga mai araha, glibenclamide, wanda likitoci ke kaffa-kaffa da shi ga masu shekaru saboda yana iya saukar da suga ƙasa warwas, musamman ga wanda ƙodarsa ta raunana ko wanda ba ya samun abinci a kan lokaci. Metformin ma, wani maganin sugan, ana so a san halin da ƙoda take ciki kafin a ɗora mutum a kai. Wane gwajin ƙoda ake yi a ƙarƙashin rumfa? Tsohuwa ta sha ƙwaya da safe, ba ta karya ba saboda gidan babu, da hantsi gumi ya keto mata, ta fara sambatu, a ce iska ce ko kuma tsufa ya taɓa kai, a tafi neman rubutu, alhali cokalin suga a ruwa ne zai farfaɗo da ita. Wanda ya ba ta ƙwayar tuni ya koma Abuja.

Haka maganin ciwon gwiwa da baya, wanda shi ne aka fi rabawa domin shi ne tsofaffi suka fi roƙo. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam suna kashe zogi, gaskiya ne, amma a jikin mai shekaru suna ɗaga jini, suna cin ƙoda, suna iya huda ciki ya yi ta zubar da jini. An nuna wa tsoho hanyarsu sau ɗaya, gobe zai aika jika kemis da guntun kwalin a hannu, mai kemis kuma ya haɗa masa da dexamethasone don ya ji ƙarfi, ita kuma ta hau da sugansa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Na san amsar da za a ba ni: da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana ta dace da tuwon da miyarsa ba ta ji magi ba, ba ta dace da maganin da rabinsa ke iya kwantar da mutum ba. Wasu kuma za su ce ai ana wayar da kai, kamar dai sanar da talaka cewa yana ɗauke da ciwon da ba shi da halin magancewa wani alheri ne. Inda kawai na yarda taron kwana ɗaya ko biyu yana da amfani shi ne aikin yanar ido. A cire yanar, a sa gilashin roba a cikin idon, mutumin da ya shekara biyar a duhu ya ga jikokinsa. Wannan aiki ne mai ƙarshe, kuma masu yin sa da gaskiya, irin ƙwararrun Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, sun san ko shi sai an dawo an duba idon bayan aiki. Amma ko a nan, tsohon da hawan jinin ido ke cinye wa gani bukatarsa maganin ɗigawa ne na kullum, kuma abin da ya riga ya tafi na ganinsa ba ya dawowa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yawancin masu kafa rumfunan nan su ne ke zaune a majalisun da ke rubuta dokoki da raba kasafin kuɗi. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayu na 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar inshorar lafiya da ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma kafa asusu na musamman domin masu rauni, cikinsu har da tsofaffi, aka ce mutum miliyan 83 za su amfana. Akwai dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, akwai manufar ƙasa kan tsufa da aka amince da ita a 2021. Tun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa nan ba. Takardu kam an rubuta su. Amma har gobe fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Ɗan majalisar da aikinsa shi ne ya titsiye minista ya tambaye shi ina asusun masu rauni ya kwana, shi ne ya zo yana raba ƙwaya a leda. An shafe shekaru ana ware wa ayyukan mazaɓu naira biliyan 100 a shekara, wani ɓangare na tafiya a irin wannan biki, da hayar rumfa da riguna masu hoto da kuɗin 'yan jarida, asibitin sha-ka-tafi na mazaɓar kuwa abin awon jininsa ya lalace tun bara.

Kuma wannan na faruwa ne a lokacin da magani ya fi ƙarfin mutane. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a watan Agusta na shekarar, takwaransa Sanofi ya bi sahu, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani a watan Yuni na 2024, amma je ka tambayi ɗan fansho ko ya gani a kemis. Na san dattawan da ke raba ƙwaya biyu, na san masu sha yau su tsallake gobe, na san waɗanda suka koma wa mai mota da lasifika da ke rantsuwa cewa garin maganinsa na kawar da suga da hawan jini cikin sati ɗaya. Ba jahilci ne ya tura su can ba kamar yadda 'yan boko ke son faɗa, rashin kuɗi ne da rashin wanda zai saurare su.

Sai ƙodar ta mutu sannan a ga gwamnati. A 2025 an sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, kuma ina taya masu wannan lalura murna da zuciya ɗaya. Amma wanki sau biyu ko uku ake yi a sati. Abin da za a kashe a wankin mutum ɗaya na wata guda zai sayi maganin hawan jini amlodipine na tsofaffin unguwa guda. Mun zaɓi ihu bayan hari saboda injin wankin ƙoda ana iya yanke masa kyalle a ɗauki hoto, ƙwayar da tsohuwa ke haɗiya kowace safiya a ɗakinta kuwa babu mai gani.

Kada wani ya ce min ba mu iya ba. Ƙasar nan ta iya bin majiyyaci idan ta ga dama. Mai cutar HIV yana da kati da lamba, yana karɓar maganin wata uku kyauta, idan ya ƙi zuwa a kira shi a waya, idan bai ɗauka ba a bi shi gida. Mai tarin fuka ana sa masa ido wata shida har ya gama. A yaƙin shan inna, matan nan masu hijabi da akwatin sanyi sun shiga kowane lungu na Arewa, gida-gida, suna ƙidaya yara suna rubutu da alli a jikin bango, har aka tabbatar da kawar da cutar ta asali a watan Agusta na 2020. A gidajen da suka shiga ɗin nan, a zaure ko a ɗakin ƙofa, akwai tsoho zaune. Babu wanda ya taɓa ƙidaya shi. Bambancin kawai shi ne waɗancan cututtuka akwai masu ba da tallafi daga waje da ke neman lissafi, tsofaffinmu kuwa babu mai tambayar lissafinsu. Ghana ta daɗe da yafe wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin inshorar lafiya, Senegal ta fara shirin kula da masu shekara 60 kyauta tun 2006. Duk suna da matsalolinsu, amma sun amince cewa kula da tsoho haƙƙi ne da ke kan hukuma. Mu kuwa sai a 2012 muka samu cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko, a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma har yanzu likitocin da suka ƙware a wannan fanni ba su taka kara sun karya ba.

Mu 'ya'ya ma ba mu fita ba. "Ciwon tsufa ne" ita ce jimlar da muke rufe bakin iyayenmu da ita. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a bikin ƙanwa, amma abin awon jini na gida bai taɓa zuwa masa a rai ba, sai ranar da Baba ya faɗi a fara karo-karo a zauren WhatsApp na dangi.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kuɗin rumfa da riguna a zuba su a asibitin mazaɓa. A ajiye magunguna uku ko huɗu na hawan jini da suga waɗanda ba za su yanke ba, a ba kowane tsoho kati, a sa rana ɗaya a wata ta zama tasu, ma'aikacin lafiya na unguwa ya bi wanda bai zo ba. An gwada makamancin wannan a wasu asibitocin matakin farko na Kano da Ogun tun 2020 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, saboda haka ba sai an je nesa koyo ba. Mai son a ga hotonsa ya manna shi a jikin katin, ba ni da ja. Su kuma 'yan jarida da ke ɗauko mana adadin waɗanda aka duba, su koma garin bayan wata shida da jerin sunayen a hannu, su tambayi Honarabul mutum nawa ne cikinsu ke shan magani har yau, nawa ne kuma aka kai makwanci.