Ina gajiya? Ba gajiya

A gaisuwarmu babu gurbin da mutum zai ce ya gaji. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." Ko ƙafafunka na rawa, amsar ke nan. Mu Katsinawa kuma aka ƙara mana da kirarin ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Ina son kirarin nan, amma na ga yadda kunyar take sa mutum ya yi ta jan kaya har igiya ta tsinke bai buɗe baki ya ce a rage masa ba.

Bara aiki uku nake yi. Da safe koyarwa a wata makarantar kuɗi. Daga la'asar zuwa goman dare ina rumfar POS wajen Ƙofar Ƙaura. Asabar da Lahadi kuma ina koyar da 'ya'yan wani bawan Allah a gidansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashi ɗaya ya daina kai mutum tsakiyar wata, wannan ba sai na tsaya bayani ba.

Wata Talata ina kiran suna, wata yarinya 'yar aji biyu ta matso kusa da teburina, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, ban yi aikin gida ba, babanmu ne ya rasu ranar Juma'a." Na ce, "To, je ki zauna." Na ci gaba da kiran suna. Ko "Allah ya jiƙansa" bai fito daga bakina ba. Sai da dare, ina ƙirga kuɗin rumfa, maganar ta dawo mini, jikina ya yi sanyi. Ni da a da in ɗalibi ya kwana biyu bai zo ba nake hawa mashin in bi shi har gida.

Shi ya sa nake cewa gajiyar jiki ba ita ce alamar da za a tsaya jira ba. Kowa na gajiya. Manomi na gajiya, ya ci tuwo, ya kwanta, asuba ta yi ya tashi garau. Wadda nake magana a kai ita ce wadda barci ba ya maganinta, kuma a halinka take fara bayyana. Mutanen da kake yi wa aiki su zame maka kaya. Ma'aikaciyar jinya mai tausayi ta koma daka wa mai naƙuda tsawa. Ɗan kasuwa mai fara'a ya ga mai saye na tahowa ya ja tsaki. Sai mu ce wane ya canza, girman kai ya shige shi. Sau da yawa man fitilar ne ya ƙare, lagwani ake ci. Sunan da Turawa suka ba irin wannan gajiyar ma, wato "burnout", ƙonewa ƙurmus yake nufi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce hali ne da matsin aiki mai tsawo ke jefa mutum ciki, kuma da abu uku ake gane shi: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum har ya riƙa yi masa kallon banza, da raguwar ƙwazo. Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi rubutu a kansa a Amurka a 1974, a jikin masu aikin sa kai na wani asibitin kyauta ya lura da shi, kuma ya ce waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ya fi kamawa. Don haka mai kiran abin lalaci ya sake tunani.

Ƙananan alamun duk na gan su na share. Lahadi da la'asar sai in ji ƙirjina ya yi nauyi don gobe Litinin. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, ko da Hajiyarmu ce. Sallar azahar in rasa raka'a ta nawa nake, yau da gobe sai ƙabli da ba'adi. Sau biyu na tura wa mutum kuɗi a lambar da ba tasa ba. Uwargida ta ce gishiri ya ƙare in hau ta da faɗa kamar ta ce gidan ya ƙone. Na daina zuwa majalisa, na daina zuwa ɗaurin aure.

Me na yi? Abin da kowa ke yi. Kemis, "a haɗa mini maganin gajiya." Ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba ka san sunan ko ɗaya ba, ka kora da lemon ƙara kuzari. Irin magungunan ciwon jikin da ake zubawa a haɗin nan, in aka daɗe ana sha, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Wasu ma daga nan suka faɗa tiramol.

Wani bincike da hukumar lafiyar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021 ya nuna mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin bugun jini mai shanye ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Na zauna na lissafa nawa. Na haura 70.

Na san wani zai ce ƙarancin tawakkali ne. Ɗan'uwa, da Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i yana azumi da rana, tsayuwa da dare, iyalinsa a yashe, cewa ya yi da shi Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da haƙƙi, iyalinka na da haƙƙi, ka ba kowa nasa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. A ibada ke nan fa, balle rumfar POS.

Inda ban yarda da hukumar ba shi ne taƙaita abin ga wurin aiki. Matar da ke tashi kafin asuba, ga goyo, ga girki, ga jinyar suruka, ga ƙullin sana'a a tsakar gida, ba ranar hutu ba albashi, me za a kira nata? In ta yi shiru a ce miskilanci, in ta yi kuka a ce iska, a kira mai ruƙiyya.

Wanda ya ga kansa a nan ya fara da asibiti, a auna jini da suga, don ƙarancin jini, ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro duk suna zuwa da kasala. In kuma har rayuwar ce ta fita daga ransa, ba aikin kaɗai ba, wannan maganar likita ce yau, ba gobe ba.

Ni dai na ajiye darasin ƙarshen mako, na sa ƙanena ya riƙa karɓata a rumfa bayan isha'i. Kuɗi sun ragu, ba zan ɓoye ba, nama ya koma na Juma'a. Na je gidan su yarinyar nan na yi ta'aziyya bayan an yi arba'in, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yau da safe maƙwabcina ya ce, "Malam, ina gajiya?" Na ce, "Alhaji, akwai ta." Ya yi dariya ya wuce, ya zaci wasa nake.