Kwaɗon da yake kulle mai gida a waje

Hutun da na je Kano bara na tafi da kwamfutata, a cikinta akwai wani wasa da na saya nan Jamus yuro 70. Ba aro na yi ba, ba a bayan fage na samo shi ba, kuɗina na ƙirga na biya. Dare na biyu da sauka, an ɗauke wuta, sabis ɗin waya yana rawa, na ce bari in buɗe shi in rage dare. Sai ya ƙi. Wai sai ya tuntuɓi kamfaninsa ta intanet ya tabbatar ni ne mai shi. Wasa ne na mutum ɗaya fa, babu abokin karawar da zan nema a wata ƙasa.

Ƙanena yana gefe yana kallona. Ya jawo tasa kwamfutar, ya buɗe wasan nan dai, wanda aka loda masa a kasuwar waya da kuɗin da bai kai na cin abincin rana ba. Nan take ya tashi. Ya ce, "Yaya, wai kai da ka biya ne suke tambaya takarda?" Na rasa amsar da zan ba shi, kuma har na dawo ban samo ta ba.

Turawa suna kiran wannan tsari DRM, ni kwaɗo nake ce masa. Manufarsa hana satar fasaha, kuma ban raina manufar ba. Duk wanda ya san yadda kasuwar faifan finafinan Hausa take a Ƙofar Wambai da can, ya kuma ga yadda masu kwafi da masu turawa a waya suka durƙusar da ita, ba zai ce mai abu ba shi da hakkin kare abinsa ba. Wasa babba ɗaruruwan mutane ne suke shekaru a kansa. Tambayata kawai ita ce, kwaɗon nan wa yake kamawa?

Amsar ta daɗe a fili. A 2008 kamfanin EA ya fitar da wasan Spore ɗauke da kwaɗon SecuROM, wanda ya ƙayyade wa mai saye sau uku kacal zai iya girka shi. Ka canza kwamfuta, ka sake girka Windows, kasonka yana ƙarewa. Tun kafin ranar fitowarsa an riga an fasa kwaɗon, wasan kuma ya zama wanda aka fi sacewa a shekarar. Da surutu ya yi yawa aka ƙara adadin zuwa biyar. A 2010 Ubisoft ya zo da nasa salon a Assassin's Creed II: dole kana kan intanet duk tsawon lokacin da kake wasa, in layi ya yanke a tsayar da kai. A watan Maris na shekarar aka kai wa na'urorin kamfanin hari, waɗanda suka biya suka yi zaune suna kallon allo. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Wanda ake yayi yanzu shi ne Denuvo, na wani kamfani a Ostiriya, da ya fara bayyana a 2014. Gaskiya ya fi na baya wuyar fasawa, akwai wasannin da suka yi watanni ba a taɓa su ba. Yadda yake aiki shi ne ya ɗaure wasan da kwamfutarka, ya ba ka izini na wani lokaci, in wani abu ya canza a na'urar ko a Windows ya sake neman intanet. Yana kuma ƙayyade na'urori biyar a cikin awa 24. A Nuwamban 2021 adireshin da wasannin suke tuntuɓa ya daina amsawa a wani ƙarshen mako, mutane da dama suka kasa buɗe abin da suka saya. A shekarar ne kuma aka gano cewa Resident Evil Village da aka fasa ya fi na gaskiya tafiya sumul, sai da Capcom, kamfanin da ya yi wasan, ya fitar da gyara. Ka duba fa: na sata ya fi na halal kyau.

To a nan Jamus duk wannan ɗan ɓacin rai ne. Intanet na gida ba a ƙirga masa data, kuɗin wata ake biya, wuta kuma na manta rabon da ta ɗauke. In kwaɗo ya nemi tabbaci, daƙiƙa biyu ya gama, ba ka ma sani ba. Shi ya sa abokan aikina da yawa ba sa ganin abin a matsayin matsala. Wanda ya ƙera kwaɗon ma a irin wannan gari yake zaune, da irin wannan layi ya gwada shi. Ka kai shi Kurna ko Zandar, inda data take da tsada, sabis yake zuwa ya tafi, katin banki ya sha ƙin biyan kuɗin waje, sai ɗan ɓacin ran ya zama katanga. Yaron da ya daure ya tara kuɗi ya sayi na gaskiya, shi ne zai fi kowa shan wahala a unguwar, abokansa kuma suna yi masa dariya. Wane darasi aka koya masa?

Ba na wanke ƙanena. Na gaya masa abin da yake yi cin hakki ne, ban da haɗarin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ake cusawa a irin waɗannan kwafin. Amma wa'azina ya yi rauni a daren nan, don allona yana nuna saƙon kuskure, nasa yana nuna wasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an san akwai wata hanya. Shagon GOG na ƙasar Poland tun 2008 yake sayar da wasanni babu kwaɗo ko ɗaya: ka sauke, ka adana a faifanka, ko shekara goma ba ka ga intanet ba zai tashi. Kamfanin CD Projekt ya fitar da The Witcher 3 a 2015 haka nan a buɗe, an sace shi kam, amma ya sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Wasu kamfanonin kuma sukan cire Denuvo bayan wasa ya yi watanni a kasuwa, tunda cinikin da ake tsoron rasawa na makonnin farko ne. Wannan zan iya haƙura da shi, in dai an rubuta ɓaro-ɓaro a wurin saye cewa akwai kwaɗo, da ranar da za a cire shi. Wanda ba zan yarda da shi ba shi ne a bar shi har abada. Faya-fayan da suke da kwaɗon SafeDisc sun daina aiki da Windows 10 ta zo a 2015, masu su na nan da kwali da rasit, babu wasa.

Tun dawowata na canza yadda nake saye. Ina duba shafin wasa tukuna, in na ga kwaɗo in jira a cire, ko da shekara zai ɗauka. Wancan na yuro 70 kuwa yana nan, yana tashi lafiya lau a ɗakina na Hambug. Sallah mai zuwa zan je gida, na riga na zaɓi wasanni uku marasa kwaɗo da zan tafi da su, ɗaya na ƙanena ne, na biya masa.