Ranar da na ɗauki takalmina a 4K

Ni ne mai kyamara a wani fim, akwai wata fitowar kuka da darakta ya dage sai an ɗauka da hasken faɗuwar rana, hasken da ba ya wuce minti 20 ya gudu. Tun dare na caja batura, na share kati, na saita kyamara a firam 24 duk daƙiƙa. Har ƴar jar fitilar gaba mai nuna ana ɗauka na liƙe da salatif don kada ta fito a gilashin taga. Ni a dole gwani.

Aka ce akshin. Jarumar nan ta yi kuka har da majina, ba a shafa mata komai a ido ba. Darakta ya ce kot, muryarsa na rawa, ya ce a maido mu gani.

Kowa ya yi cincirindo a kan monita. Na danna. Sai ga takalmina. Tar da shi, har zaren da ya tsinke ana ƙirgawa. Ashe tun wajen gwaji na taɓa maɓallin ɗauka, na sauke kyamarar daga kafaɗa tana ta aiki. Da aka ce akshin, sai na kashe ta da hannuna.

Da a hoto abin ya tsaya, da sauƙi. Sai ga muryata raɗau: "Wannan daraktan ko fitila bai iya kunnawa ba, sai tsawa." Na kai hannu zan tsayar, ya riƙe ni. "Bari ya ƙare, Malam." Minti 4 cur muna tsaye muna kallon takalmi, ni kuma ina ta sharhi. Jarumar ko hawayen ba ta gama sharewa ba.

Wanda ya fi ƙona min rai yaron nan mai juya min fokas. Ƙaramar monita na gabansa, ya ga babu jan ɗigon da ke nuna ana ɗauka, ya ja bakinsa ya tsuke. Wai: "Oga, da safe ka ce in na sake magana ana ɗauka, in kama hanyar gida." Na ce to ai ba a ɗauka! Ya ce shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan. Yaron da ni na koya masa riƙe lens, har yau in ya gan ni ƙafata yake fara kallo.

Washegari hadari ya rufe rana, hawaye kuma suka ƙi zuwa. Mai sauti dai ya ce kukan jiya yana nan a wurinsa tsaf, in akwai mai so.