Surame: doka ta kare ginin, amma wa zai riƙe bangon?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya san sunan Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa taka Surame, birnin da ya gina a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai. Tun 1964 gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare. A 2007 aka saka shi a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, kuma har yau yana layin jira, alhali Sukur ta Adamawa, inda gidan dutse na Hidi, sarkin wurin, yake, ta sami amincewar tun 1999.

Ni dai ba jiran UNESCO ne ya dame ni ba. Darajar Surame tana cikin yadda aka gina ta, kuma wannan sanin ne ba wata doka da ta kare.

Ƙasar Hausa ƙasar ginin laka ce: tubali, azara, yaɓe. Ganuwar Kano da ta Zazzau da ta Katsina duk ƙasa ce aka tara. Kanta kuwa dutse ya sa aka jera, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar laka, tun daga ganuwa har katangar fada. Wanda ya san gini zai gaya maka cewa a irin wannan aiki laka ba ita ke ɗaukar nauyi ba. Dutse ne ke zaune kan ɗan'uwansa, magini yana juya kowanne a hannu har ya sami fuskar da za ta kwanta, ya cusa ƙanana a giɓin manya, lakar kuma ta toshe sauran. Labarin baka ma ya nuna yadda aikin ya zauna a zukatan mutane: ana cewa Nufawa sun makara zuwa gayyar, sai Kanta ya hukunta su da kwaɓa tasu lakar da man kaɗanya maimakon ruwa. Ko an yi haka ko ba a yi ba, mutane ba sa ƙirƙira wa ƙaramin gini irin wannan labari.

An bar birnin wajen 1700 lokacin da sarauta ta koma Birnin Kebbi. Bango mara rufi da ya sha damina fiye da 300 yana buƙatar hannu, to amma wane hannu? Mun san abin da “gyara” ke nufi a wurinmu: a ba da kwangila, a sauke buhunan siminti, a shafe bango, a buga fenti, a kira ’yan jarida. A tsohon gini wannan kisa ne. Laka tana shan ruwa ta sake shi idan rana ta fito, siminti kuwa yana kulle danshin a ciki, lakar da ke baya ta ruɓe, wata rana shafen ya ɓanɓaro tare da fuskar bangon. Kamar a ɗaure miki da leda ne. Gara ma a bar wa Allah ginin da a yi masa haka.

Za a ce wurin ba namu ba ne. Gaskiya ne, da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 Surame ta faɗa ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato, kula da ita kuma hakkin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, ga matsalar tsaro da ta addabi yankin. Amma iyakar jiha ba ta raba Kabawa da kakansu ba. Tsohuwar fadar Argungu, garin da sarautar Kabi take yanzu, da ta zama gidan tarihi a 1958 sunan Kanta aka sa mata, kuma duk bikin kamun kifi baƙi na shiga su ga kayan yaƙin Kabi.

Abin da nake roƙon Masarautar Argungu da gwamnatin Kebbi bai kai kuɗin gyaran shataletale ɗaya ba. A zauna da Sakkwato da hukumar tarayya, a auna bangayen da suka rage, a ɗauki hotonsu sashe-sashe. Sannan a nemo tsofaffin magina da har yanzu suke iya jera dutse da laka, a haɗa su da ɗaliban zanen gini, a biya su su koyar, kuma a rubuta a takarda cewa buhun siminti ba zai shiga Surame ba.